Cek ɗin da ke cikin akwatin uwarku

Nafisa, ranar da kuke kwashe kayan uwarku bayan sadakar arba'in, kin jawo wani shuɗin akwati daga ƙarƙashin gado, kika same ni a falo da takarda a hannunki. Cek ne na dala ɗari biyu da goma sha ɗaya, da sunana a jiki, ya yi shekara da shekaru ba a kai shi banki ba. Kika tambaye ni da Turancin nan naku ko mene ne wannan, na ce tsohuwar takarda ce, ki mayar inda kika gan ta. Kika mayar, don ba ki da gardama da ni, da uwarki kike yin ta. To ƙarya na yi miki. Ba tsohuwar takarda ba ce kawai, kuma tun ranar abin yake damuna. Ke da Bashir da Halima kun tashi da labarin cewa uwarku ba ta je ganin mahaifiyarta a ciwon ajalinta ba saboda takardunta na zama ba su fito ba. Ba haka aka yi ba, kuma ni kaɗai na rage da zan iya gyara maganar.

Ni tela ne tun daga Maraɗi, kun san wannan. Da na zo Greensboro a nan Amurka ɗinkin ne dai ya ci gaba da ciyar da ni, sai dai maimakon riguna na koma ɗinka rigunan kujerun kushin a wani ƙaramin kamfani a kan hanyar High Point. Shekara tara na yi a kan keke ɗaya. Muna haya a unguwar Glenwood, a wani ƙaramin gidan katako da 'yan jami'a suka kewaye mu da kekunansu da kiɗansu, uwarku tana kitso a falo. Akwai katin bashi na banki da na karɓa lokacin da injin mota ya buga, firji ma ya bi shi a wata guda, bashin ya tsaya wajen dala dubu huɗu. Wata Asabar wata yarinya ta kira ni daga wajen masu katin, tana magana kamar ana bin ta da gudu. Ni kuwa mutum ne da ba ya son cewa bai gane ba, sai na yi ta amsa mata da to, to. Abin da na iya tsinta shi ne inshora ce: kowane wata za su ɗora mini dala talatin da 'yan kai a kan katin, in kuma wata rana aiki ya ƙwace mini ba da laifina ba, su za su riƙa biyan kuɗin wata har in samu wani. Shekara uku ina biya. Uwarku, da take kiran abin da sunansa na Faransanci, ba ta gajiya da yi mini tsiya a kai.

"Malam, kai kaɗai na sani mai biyan kuɗin rashin aiki tun yana aiki. Asurans ɗin nan naka ko kaza bai taɓa saya muna ba."

A daminar 2008 Inna, kakarku ta wajen uwa, ta faɗi a tsakar gida a Maraɗi, ɓarin jikinta ya shanye. Shekara goma sha ɗaya rabon uwarku da ita. A cikin wannan shekarar ce kuma, kafin faɗuwar Inna da wata biyu, takardar zaman uwarku ta fito. Ku riƙe wannan da kyau: ta fito. Abin da ya rage kuɗin jirgi ne. Tana cikin adashi da mata goma, zubin dala ɗari uku a wata, ta roƙi uwar adashi aka matso mata da kwasarta zuwa watan Fabrairu. Ta sayi shuɗin akwatin nan ta shiga cika shi kaɗan-kaɗan: yau bargo mai laushi, gobe man zafi, jibi safa da tabarau da sabulu mai ƙamshi. Wani lokaci in na dawo aiki sai in tarar ta buɗe shi tana sake jera kayan, tana magana ita kaɗai kamar Inna na zaune a gabanta. A gidan nan ba a maganar komai sai tafiyar Fabrairu.

A farkon Nuwamba aka tara mu a ɗakin cin abinci na kamfani. Wani mai kwat ya zo daga babban ofis ya ce kasuwa ta mutu, ba mai sayen kujera, ya karanta sunaye. Nawa ne na shida. Aka ce ranarmu ta ƙarshe Juma'a ce, mako biyu masu zuwa. Raina ya ɓaci, amma ba rashin aikin ne ya fi tsaya mini ba. Na ga yadda aka yi da rukunin da aka sallama kafin mu: ranar ƙarshe mai gadi ya tsaya a kan kowa yana tattara tarkacensa a kwali, sannan ya raka shi har bakin ƙofa, kamar wanda ake tsoron zai saci almakashi. Na ce a raina ni Isufu ba za a yi mini wannan rakiya ba. A wajenmu ba haka ake barin wurin sana'a ba. Lokacin da na gama koyon ɗinki, mahaifina da kansa ya kama hannuna ya kai ni gaban maigidana, na durƙusa na yi godiya, na nemi gafarar duk abin da na ɓata, shi ma ya nemi tawa, ya sa mini albarka, na fita da ƙafata. Mutum yakan yi sallama tun kafin a nuna masa ƙofa. Haka na tashi na gani, kuma ban taɓa tunanin akwai ƙasar da wannan zai zama laifi ba.

Saboda haka ranar Litinin ta makon ƙarshe na sa babbar rigata a kan kayan aiki, uwarku ta soya mini fanke cike da roba. Na share kekena, na zuba masa mai, na rufe shi. Na bi kowa na ba shi hannu. Daga ƙarshe na je wajen shugaban sashenmu, Mista Kalbin, wani baƙin Ba'amurke dogo mai sanyin hali da ya riƙe ni da mutunci tun ranar da na fara, na miƙa masa wasiƙar da na kwana biyu ina haɗawa da ƙamus. Ba ta da tsawo. Na ce na gode da shekara tara, yau zan tafi, in na saɓa wa wani ya yafe mini, ni ma na yafe wa kowa. Na sa hannu na sa kwanan wata, don in nuna na san ka'ida. Ya karanta, ya rungume ni. Da azahar na fita, kwana huɗu kafin ranar da aka yanka mini, ba kwali ba mai gadi. Wallahi a mota har waƙa na yi. Da na isa gida na ba uwarku labari, ta ce na kyauta, sannan ta juya tana kallon akwatin da ke jingine a kusurwa.

"Tahiyar fa, Malam?"

"Tahiya tana nan daram. Inshora za ta biya kati, ofishin marasa aiki zai ba mu na haya. Adashinki ko sisi ba mai taɓawa. Na yi miki alkawari."

Na cike fom ɗin inshora na aika, na je ofishin marasa aiki na rubuta sunana. A makon farko na Janairu amsoshin suka iso, kusan a tare, kuma bakinsu ɗaya. Sun tambayi kamfani, kamfani ya ce a fayil ɗina an rubuta cewa ni na ajiye aiki da kaina, ga ma wasiƙata da sa hannuna da kwanan wata. Wanda ya ajiye aiki da kansa kuwa ba shi da komai a wajensu. A cikin makon takardar kati ta zo, na duba, sai ga kuɗin inshorar nan zaune a layinsa kamar kullum. Wato sun ƙi biya mini, amma ba su ƙi karɓa daga hannuna ba. Na kira masu katin. Aka sa mini kiɗa na kusan rabin awa, sannan wata mata ta ɗauka. Na ce a cire mini wannan abu yanzu-yanzu. Ta ce za ta iya cirewa, amma in ta cire, maganar neman haƙƙina ta mutu ke nan; in kuma ina son a sake duba ta, dole in ci gaba da biya. Na yi faɗa har Turancina ya ƙare na koma Faransanci. Amma zan faɗi gaskiyarta, matar nan ta gaya mini abin yi, kuma a fili ta faɗa: in koma kamfani su ba ni takarda cewa su ne suka sallame ni. Takarda ɗaya tak.

A nan ne laifina yake, ba a wasiƙar ba. Wasiƙar rashin sani ce, Allah ma ba ya kama mutum da shi. Amma daga ranar na san maganin, na ƙi sha. Sau biyu ina tuƙa mota har bakin ƙofar kamfanin. Ina hango motar Mista Kalbin a inda ya saba ajiye ta. In kashe inji, in zauna, in yi ta kallon ƙofar da na fita ta cikinta da babbar riga, kowa yana sa mini albarka. Yanzu in koma ta nan in ce don Allah ku rubuta cewa korata kuka yi?  In ce gobe, in tayar da mota. Takardun kuwa na tura su cikin aljihun keken ɗinkina na gida, ƙarƙashin zare da ƙyallaye, inda na san uwarku ba ta taɓawa. Kati na daina biya gaba ɗaya don haushi. Na ce ba zan biya abin da inshora ya kamata ta biya ba, kamar bankin zai ji zafin fushina. Hayar Disamba na biya da albashin ƙarshe, ta Janairu da ɗan abin da muka ajiye. Ina ɗan gyaran wanduna da ɗinkin labule, abin da bai wuce na cefane ba. Ta Fabrairu ban biya ba, na roƙi mai gidan ya ƙara mini kwana goma. Kullum uwarku ta tambaya sai in ce ai kin san aikin ofis, ana kan hanya.

Asabar ta biyu ta Fabrairu aka kawo mata kwasarta, dala dubu uku a ambulan. Ranar Litinin za mu je wajen mai sayar da tikiti. Da hantsin wannan Asabar ɗin tana yi wa Anti Ladi kitso. Kun san Anti Ladi, mutuniyar Jos da ke kawo muku cincin ranar Kirsimeti. Lokacin tana aiki a ofishin karɓar kuɗi na wani asibiti, ta san takardun ƙasar nan ciki da waje. Wayar gida ta yi ƙara, hannun uwarku duk mai, ta ce Anti Ladi ta ɗauka. Masu bin bashin kati ne. Ni na dawo daga sayen madara ke nan, na tura ƙofa na tarar da su, rabin kan Anti Ladi a kitse rabi a tsefe, wayar a cinyarta.

"Malam Isufu, zo ka zauna," in ji Anti Ladi. "Mutanen kati sun ce wata biyu ba ka biya ba. Na ce musu akwai inshora, suka ce inshora ta ƙi tun Janairu. Ka yi rizain ne, wato ka ajiye aiki da kanka?"

"Ban yi rizain ba. Sallama na yi."

"A rubuce?"

"A rubuce."

"Ka sa hannu?"

Na ce na sa. Ta dafe rabin kanta da ba a kitse ba.

"Kai, Malam Isufu! A ƙasar nan ba a yi wa kamfani godiya a takarda. Ka gode musu da baki, ka tsaya har minti na ƙarshe, su kore ka da hannunsu. Ina takardun?"

Na je na tono su daga ƙarƙashin zare. Uwarku tana kallon inda na fito da su. Ba ta ɗaga murya ba, ni kuwa na so a ce ta ɗaga. Ta goge hannunta da tsumma, yatsa ɗaya-ɗaya, sannan ta yi mini tambaya guda.

"Hayar wannan wata hwa?"

Ba ta jira amsata ba. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da ambulan ɗin, ta ajiye a kan keken ɗinki. Na ce wallahi ba zan taɓa ba, ta tafi abinta, ni zan san yadda zan yi. Na ce zan yi taksi, zan yi wanke-wanke a gidan abinci, zan roƙi Alhazan masallaci.

"Wata ukku kana sanin yadda za ka yi," ta ce. "In na tahi aka hidda mini ɗiya waje cikin sanyin nan, mi zan ce ma Inna? In ce na baro jikokinta a titi na zo gaishe ta? Ɗauki ka biya mutane, Malam. Anti, juyo mu ƙarasa."

Ta ƙarasa kitson nan tsaf, layi bayan layi, hawaye na ɗiga a bayan wuyan Anti Ladi.

Washegari da safe ta kankare katin waya ta kira Maraɗi. Ƙanwarta ta kara wa Inna wayar a kunne. Ina zaune a gefen gado na ji uwarku da bakinta tana cewa takardunta ne ba su fito ba, an ce sai ta ƙara jira, amma in sha Allahu da bazara tana nan tafe. Ta ɗora wa gwamnatin Amurka laifin da yake nawa, don kada dangi su ji cewa mijinta ya kasa. Daga nan ta miƙo mini wayar, wai Inna na son magana da ni. Kun san tsakanin mutum da surukarsa akwai kunya. A shekara ashirin ban fi gaisuwa da ita ba. Muryarta ta lanƙwashe saboda ciwon, sai na kasa kunne sosai.

"Isuhu, kada ku damu da takarda, abin Allah ne. Na gode da riƙon da kake yi mata. In ba mu gana ba, ka yahe mini."

Bakina ya buɗe don in faɗi gaskiya. Abin da ya fito shi ne, Allah ya ba ki lafiya, Inna, mu ne da neman gafara. Kuɗin katin wayar ya ƙare.

Ranar Litinin, ranar da ya kamata mu sayi tikiti, na koma kamfanin, wannan karon na fito daga mota. Abin da na yi wata guda ina tsoro bai ɗauki minti biyar ba, kuma ba wanda ya ko dube ni. Mai gadi ya ce Mista Kalbin ma an sallame shi a ƙarshen Janairu, ofishin ma'aikata kuma an kwashe shi zuwa wata jiha, sai dai in rubuta musu. Da a ce na shiga a ranar farko da na zauna a mota, da shi da matar da ke riƙe da fayil suna nan, ƙofa na kallon ƙofa, da kafin la'asar an gama. Wani tsohon abokin aiki ya ce in nemi Mista Kalbin a cocinsu da ke East Greensboro ranar Laraba, yana taya rabon abinci ga waɗanda aiki ya ƙwace wa. Can na same shi yana jera gwangwanaye a kwali. Ya yi murna da ganina har ya fara haɗa mini kwali ɗaya. Na ce ba wannan ya kawo ni ba. Na ce masa, da bakina, abin da na yi ta gudu: ina so ka rubuta cewa korata aka yi. Da na gaya masa dalili, sai ya cire hularsa ya zauna a kan wani benci.

"Isufu, ni na kai wasiƙar nan ofis da hannuna," ya ce. "Shekara ashirin da biyu ina wurin nan ba wanda ya taɓa rubuta mini godiya. Na ce wa matar ta sa a fayil ɗinka, don duk wanda ya buɗe ya san irin mutumin da muka rasa. Ban san abin da za ta rubuta a kai ba."

Kin ga mutum biyu, kowa ya yi abin kirki a ganinsa, mun haɗu mun rushe tafiyar baiwar Allah da ba ta san hawa ba ta san sauka ba. A ofishin cocin ya rubuta takardar, ya haɗa mini da kwafin jerin sunayen da aka karanta ranar taro, wanda Allah ya sa bai yar ba. Anti Ladi ta karɓi ragamar sauran. Ta hana ni sake kiran kowa a waya. Ta ce magana iska ce a wajen mutanen nan, komai a rubuce, komai a yi kwafi, komai a aika ta wasiƙa mai rajista wadda sai sun sa hannu sun karɓa. Muka rubuta wa masu inshora, muka rubuta wa bankin cewa ban yarda da kuɗin da suke ɗora mini tun daga ranar da aka sallame ni ba, muka rubuta wa babban ofishin kamfani, muka ɗaukaka ƙara a ofishin marasa aiki. Ita ke faɗa ina rubutawa, in na sa kalmar ban-haƙuri ko godiya ta ce in goge. Sau biyu suna cewa ba su ga takarda ba, sau biyu muna aika musu da shaidar sa hannunsu. Uwarku kuwa ta ƙara yawan kitso har yatsunta suka kumbura, ta shiga sabon zubi, tana lissafin ko Yuni ko Yuli.

Inna ta rasu a farkon Afrilu, ranar Talata, bayan sallar azahar ta can. Kwana tara bayan haka, muna tsakiyar karɓar gaisuwa, mai kawo wasiƙa ya jefa ambulan a akwatin ƙofa. Sun amince. An gyara fayil, inshora za ta biya watannin da suka wuce, an soke tarar jinkiri, ga kuma cek na kuɗin inshorar da suka yi ta cira bayan an sallame ni, dala ɗari biyu da goma sha ɗaya. Ba a yi mako biyu ba ofishin marasa aiki ma ya biya nasa a dunƙule. Da aka haɗa duka ya fi kuɗin tikiti. Na ci nasara, in ji Anti Ladi, kuma ban taɓa jin nasara mai ɗaci irin wannan ba. Da mata suka watse da yamma na sami uwarku a ɗaki, na durƙusa a gabanta kamar yadda na durƙusa wa maigidana na ɗinki, na ajiye cek ɗin a kan tabarmar sallarta. Na ce ni na yi wa waɗanda ba su nemi sallamata ba sallama, na hana ki yin taki da mahaifiyarki. Ki yafe mini. Ta daɗe tana kallon takardar.

"Na yahe tun ranar Asabar ɗin nan, in ba haka ba da ban iya zama ba," ta ce. "Amma yara kada su ji. Uba ɗaya gare su."

Ta jawo akwatin, ta ɗora cek ɗin a kan bargon Inna, ta ja zif, ta tura shi ƙarƙashin gado. Bayan shekara biyu da muka je gida da ku duka, wani akwati ta saya.

Na so in ce biyayya ce ta sa na riƙe maganarta duk shekarun nan, amma ba zan ƙara wata ƙaryar a kan ta farko ba. Shirun ya yi mini daɗi ne. Nafisa, kina tuna shekarar da kika gama sakandare, kina son tafiya jami'a mai nisa, uwarki tana son ki zauna kusa? Kuna kicin tana yanka albasa, ni ina falo da jarida, ƙofa a buɗe. Faɗa ya yi zafi, kika ce mata da Turanci, ita da ta bar uwarta ta mutu ba ta je ba, ba ta da bakin yi miki maganar nisa. Da ta damu da gaske da ta san yadda ta yi da takardun. Wuƙar ta tsaya. Uwarki ta ɗago ta dube ni ta cikin ƙofar, ba don in yi magana ba, ina jin don ta tabbatar ba zan yi ba. Ni kuwa na sunkuyar da kai cikin jarida. Na sake zama a mota a bakin ƙofa ke nan, karo na uku. Ta ci gaba da yankan albasarta, ta ce miki albasar ce ke sa ta hawaye. Na san kin ba ta haƙuri daga baya, na kuma san har yau kina ganin akwai ƙamshin gaskiya a abin da kika faɗa, don na ji yadda kike ba ƙannenki labarin.

Babu ko kaɗan. Akwatin yana nan a ɗakina, ban bari an ba da shi sadaka ba. In kin zo ki buɗe ƙaramin aljihun da ke cikin murfin. Wasiƙar da ta zo da takardar zamanta tana ciki, ki duba kwanan watan da idonki. Ƙarƙashinta akwai wata 'yar takarda da rubutun hannunta, jerin waɗanda za ta kai wa tsaraba, sunan Inna a sama. Uwarki ta shirya tsaf, har safa ta saya. Ni ne ban fito daga mota ba.